Matar da Ake Cewa Tana Ta da Matattun Katantanwa

An daɗe ana raɗa cewa akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙasa na gidan adana halittu da ke hura wa matattu rai. Mai shara ya rantse ya sha tarar da sawu mai ƙyalli a cikin gilashin da aka kulle, ɓawon katantanwar da aka kwantar a kan auduga kuma ya hau rufin gilashin. Maganar ta bi tsohuwar, wadda ake kira Uwar Koɗi, har gida. Surukarta ta daina cin abincin hannunta, ta hana jikoki taka ƙofarta. Ni kuwa na wuce shekarun yarda da abu don kawai kowa na faɗinsa, don haka na ja surukar muka sauka tare, ana saura kaɗan tsohuwar ta yi ritaya.

Kullum da safe Uwar Koɗi kan sauka matakalar, ta kunna fitila ɗaya, ta jawo durowa. Ɗakin sanyi gare shi, yana warin auduga da tsohon katako. Aikinta rarrabe ƙananan dodon koɗi na tudu, waɗanda wasunsu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Takan ɗauki ɓawo da hantsaki, ta duba ko dama ya murɗe ko hagu, ta bi zagayensa har tsini, sannan ta leƙa bakinsa da gilashin ƙara girma, don a nan haƙoran suke, su ke raba dangi da dangi. Biyu za su yi kama kamar tagwaye, ita ta raba musu gida saboda haƙori ɗaya.

Surukar ta toge a bakin ƙofa, ta ƙi zama.

"Shigo, 'yar nan," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago kai ba. "Ba sa cizo. Haƙoran na ado ne, kamar na mijina."

Ta ware wani ɓawo mai farin murfi a baki, siriri kamar fatar albasa. Ta kai shi leɓenta ta hura masa iska a hankali, ta aza shi a jiƙaƙƙiyar auduga. Muka zuba ido. Ba abin da ke motsi sai ɗigon famfo. Can murfin ya tsage. Ƙaho biyu suka fito suna lalube, suka juyo wajenmu.

Surukar ta damƙe hannuna har farce ya shige ni.

"Mama, shekara nawa yana cikin durowar?"

"Ya girmi ɗanki na fari."

"To da ba ki duba ba fa?"

"Da an fesa masa magani tare da sauran. Wanda na samu da murfi ba na kulle shi, lambu nake mai da shi. Wani lokaci ido ya kuskure, sai danshin damina ya tashe shi a cikin gilashi."

Surukar ta daɗe tana kallon abin yana hawa auduga. Da za mu fita ta tsaya a matakala ta ce, "Gobe zan kawo yaran su ci abincinki. Ƙaramar ba ta cin yaji."

Uwar Koɗi, ke ce kika ƙare ƙuruciyarki a ɗakin da ba taga, kina ba kowane ɓawo danginsa. Ke ce aka ƙaurace wa kwanonki, ba ki fasa leƙa bakin ko ɗaya ba. Mai ido a bakin hantsaki, mun gode. Wanda zai gaji kujerarki, da mu duka, mu koyi dubawa kafin mu rufe durowa.

Ba ta taɓa ta da matacce ba. In fari ya yi, dodon koɗi kan toshe bakin ɓawonsa ya yi barci, har danshi ya same shi.