Kawu Na Ɗakin Sanyi Ya Ajiye Makulli

Shekara talatin da ɗaya, kafin mai shara ta gama goge baranda, Kawu ya riga ya jingine kekensa a gindin matakala. Yakan leƙa ɗakin gwajin jini ya gaisa da kowa, sannan ya zura tsohuwar rigar sanyinsa ya shige ɗan ɗakin da manyan kwamfutocin asibitinmu suke. Kafin ya taɓa komai sai ya tsaya ya saurari ƙarar fankokinsu, wai in ɗaya ba ta da lafiya kunne ne ke fara ji. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, amma har likitoci haka suke kiransa.

Da gyaran tafireta aka ɗauke shi aiki. Kwamfuta ta zo ta same shi, bai guje ta ba.

Ni magatakarda ce, aikina shigar da sakamakon gwaji. Manhajar da muke aiki da ita wani ne ya rubuta, ya bar aiki, aka rasa inda ya nufa. A kan kwamfuta ɗaya tak take tashi, wata tsohuwa mai tari da muke kira Kaka. In aka kwafi manhajar zuwa sabuwa sai ta ƙi. Kowa ya san Kaka ta kusa, kowa ya kau da kai.

Yana da shekara hamsin da bakwai Kawu ya ce zai koyi kwantena. Mai gadi ya bushe da dariya.

"Kawu, fatauci za ka koma da tsufanka?"

"Ba ta jirgin ruwa ba, sarkin surutu. Wannan kuwa, manhaja ake haɗawa da duk tarkacen da take buƙata a ƙulle wuri ɗaya, duk kwamfutar da ka kai ta sai ta yi aiki. Amma sai ka fara gina samfurinta, shi ake kira imej. Daga shi kake fitar da kwantena ko nawa kake so."

Idonsa ya fara rauni, don haka lokacin hutun rana ni nake karanta masa darasi, shi yana bugawa da yatsa biyu. Kwantenarsa ta farko kalma ɗaya ta rubuta a allo: sannu. Ya tara mu har da mai shara, ya ce mu zo mu gani, yana ta murmushi kamar an yi masa jika.

Gina imej ɗin manhajarmu kuwa ya sha wuya. Layi-layi yake rubuta umarni: ɗauko wannan tushe, ɗora wancan, kwafo waɗannan fayiloli. Ya danna, jan rubutu ya cika allo. Sai ya buɗe littafinsa ya rubuta abin da ya faru.

"Kawu, karo na ashirin ke nan fa," na ce masa wata rana.

"'Yata, ai yanzu mun san hanya ashirin da ba sa ɓullewa. Karanto na gaba."

A karo na arba'in da uku ya gano wani ɗan fayil da marubucin ya cusa a wani lungu na cikin Kaka. Ya saka shi, manhaja ta tashi. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Wata huɗu bayan nan, ranar Litinin da hantsi, muka ji ƙauri. Kaka ta mutu. A daidai lokacin wata mata ta haihu jini ya ɓalle mata, sakamakon jinin da ya dace da nata kuwa yana cikin manhajar. Likita ya shigo a guje.

"Kawu, minti nawa?"

"Ba ni kwamfutarka, likita."

Ya karɓa ya shiga tada manhajar a kanta. Bayanan gwajin ya daɗe da ware su a wani wuri, imej kuma yana ajiye. Minti goma sha biyu takarda ta fito, aka ruga da jini. Matar ta rayu. Da yamma mijinta ya bi likita da ma'aikatan jinya yana zuba godiya, ya gifta Kawu a baranda rungume da Kaka zai kai ta sito. Bai san shi ba, Kawu kuma bai tsaya ba.

Kawu, kai ne ka koya mini cewa jan rubutu ba zagi ba ne, bayani ne. Kai ne ba ka taɓa rufe littafinka don kada wani ya iya ba. Mu shida ka zaunar ka koya wa, yau ko ba ka nan aiki ba ya tsayawa, kuma da gangan ka yi hakan. Gwani mai raba gwaninta, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya saka maka da abin da ba za mu iya biya ba.

Ranar Juma'a ya yi ritaya, ya miƙa mini makulli ya tafi. Ku da kuke ganin kun girme wa koyon sabon abu, ga wanda ya fara da furfura. Ku kuma da aikinku ke tafiya lami lafiya, ku bincika, akwai wani a ɗakin baya da ya hana shi tsayawa. Ku je ku gaishe shi tun yana nan.