Mahaucin da bai yarda da bakinsa ba

Kombo mahauci ne a garin Tanga da ke bakin teku, kuma duk unguwarsu ba wanda ya kama ƙafarsa a iya wuƙa. Sa yana huci yana turza ƙasa, kafin ka gyara tsayuwa ya kwantar da shi. Hannunsa lafiya lau, a ka ciwon yake. Da jini ya tsaya sai ya waiwayo, ido jajur, ya ce, "Na yi bisimilla?"

Abin tun yana yaro ya fara. Ya yi alwala ya sake, ya kuma sakewa, har a sallame salla yana tsugune. Uwarsa, Allah ya jiƙanta, ta ce ai waliyyi ta haifa, ta riƙa ƙara masa ruwa a buta. Ni dai a ganina nan aka cuce shi. Da ya girma aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka tsallaka da shi tsibirin Pemba wajen masu fitar da aljanu. Sai da furfura ta tsiro kafin wani ya ambaci asibiti.

Matarsa Mwanaidi ita ta gaji aikin surukarta. Kullum ta bi shi mayanka, ta tsaya cikin jini da kashin dabbobi, don kawai ta ce, "Ka yi, Baban Zuhura, da kunnena na ji." Da farko sau ɗaya ya isa. Daga baya sai ta haɗa da rantsuwa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, Kombo ya yanka awakin wani ɗan kasuwa ya tura su rami, wai mushe ne. Mutumin ya fasa masa baki, shi kuma ya karya masa haƙarƙari da sandar rataye nama. Liman ya zaunar da shi ya ce a mazhabarsu ko mantawa mutum ya yi, naman halal ne. Kombo ya ce to, ya dawo gida ya amayar da abincin rana.

A asibiti likita ta ce ba aljani ba ne, ciwon waswasi ne. Ta ba da magani, ta ƙara, ta canza wani. Ya ɗan lafa, ya dawo da ƙarfinsa. Rannan ta ja Mwanaidi gefe.

"Mama, ciwon nan ya tsufa a jikinsa, shi kuma bai ma yarda ciwo ba ne. Abu ɗaya ya rage a hannunki. Duk amsar da kika ba shi, ciwon kike ciyarwa. Ki rufe bakinki."

"In ya rufe ni da duka fa, likita?"

"Zai yi fushi. Ki tabbata da mutane kusa da ke, amma kada ki amsa."

Ta rufe bakin. Kwanuka suka sha, ƙofar ɗaki ta ɓalle, ita ma ta yi kwanaki da kumburarren ido tana cewa rufin tukunya ne. Amma wata Juma'a ya yanka kaza, ya tambaya, ta yi shiru, ya yi ta zufa kamar mai naƙuda, daga ƙarshe ya zauna ya ci. Mwanaidi ta shiga banɗaki ta yi kukan daɗi.

Sai auren Zuhura, 'yarsu tilo, ya zo. Dangin ango suka kawo sa, mata suka jera tukwanen shinkafa, ƙanshin kanumfari ya cika tsakar gida. Kombo ya ce shi da ransa ba wani ƙato da zai yanka san auren 'yarsa. Ya kwantar da shi, wuƙa ta wuce, jini ya feshe bango.

"Maman Zuhura. Na yi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake! Mushe zan ciyar da bayin Allah?"

Ta cije leɓe. Ya damƙi wuyan rigarta da hannun jini ya buga ta da bango, wuƙar tana ɗaya hannun. Mata suka fasa ihu. Yayan Mwanaidi ya taso, Kombo ya zuba masa gwiwar hannu a hanci. Sai da ƙarti suka danne shi suka murɗe wuƙar, ya fizge, ya rarumi jarkar kananzir ya nufi san. Mwanaidi tana zaune a ƙasa, ƙeyarta na zubar jini, tana faɗa a ranta: ya ƙone shi, a ci shinkafa gaya, ni dai ba zan amsa ba.

Nan amarya ta fito a guje, lalle bai bushe a hannunta ba.

"Baba, ka yi! Wallahi ta taga na ji ka!"

Jarkar ta faɗi. Kafaɗunsa suka sauka, ya sauke numfashi, har da ɗan murmushi.

"Allah ya yi miki albarka, uwata. To zo ki tsaya nan kusa da ni, akwai sauran awaki."

Zuhura ta matsa kusa da shi. Mwanaidi ta dafa bango ta miƙe. Tun da ta haifi yarinyar nan ko zungurinta ba ta taɓa yi ba, amma a gaban dangin ango ta ɗauke ta da mari har sai da ta zube kan yankakken san.