Ɗakin da Ka Gina wa Tsohon Faifai

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, ina cikin ban ruwa a lambu 'yata ta zo ta karɓe bokitin daga hannuna, ta ce, "Inna, Baba Ƙarami ya rasu." Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Ni ban yi makaranta ba. Faɗa nake tana rubutawa, na kuma ce kar ta gyara mini magana.

Ƙanin mijina, mai gyaran kwamfuta, da kai nake. Shekara arba'in kana tsokanata ina ramawa, yau ka tafi ka bar ni da bakina.

Yayanka malamin gona ne. Da ya rasu ya bar mini lambun dashe da wani faifai na cututtukan shuka. In na sa shi a kwamfuta sai hotunan ganye su fito, in danna wanda ya yi kama da nawa, murya ta gaya mini ciwon da maganinsa. Da shi na riƙe lambun nan, ban taɓa roƙon kowa ya karanta mini ba.

Bara tsohuwar kwamfutar ta mutu, 'yata ta sayo sabuwa. Sabuwar nan ta ce ba ta san faifan ba. Ga dashen lemo ɗari uku, ganyensu na nannaɗewa. Masu shago suka ce in jefar, komai yana waya. Waya sai ka rubuta mata sunan ciwo. Ni da me zan rubuta?

Ka zo, a lokacin ma numfashi na yi maka wuya. Ka fara lallashin sabuwar ta yi kamar ita tsohuwa ce. Hoto ya fito, murya ta ƙi. Na ce, "Ashe gyaran naka na baki ne." Ka ce, "Yaya, kawo shayi ki ga aiki."

Kwana uku kana zuwa. A na ukun murya ta tashi. Ka ce ɗaki ka gina wa tsohuwar a cikin sabuwar, ka kwashe abin da ke faifan ka zuba a ciki, ko ya karce ba komai. Ka sa hoton ganyen lemo a bakin ƙofar, in na danna shi ɗakin ya buɗe. Ashe ƙwari ne ƙanana a bayan ganye ke nannaɗe dashen. Dashen suka tashi, bakwai kawai na rasa.

Abu ɗaya ya ba ni haushi: ka ƙi danna mini. Ka harɗe hannu ka ce, "Nemo ganyen da kanki." Sau goma ka sa na maimaita. Na ce maka mugu.

Shekaranjiya na kunna kwamfutar, na tarar ta sake fuska, komai ya bar wurinsa. 'Yata ta ɗauko waya za ta kira ka, sai ta tuna. Na ce ta matsa. Na bi a hankali, na ga ganyen can a lungu, na danna. Murya ta tashi. Sai a nan na yi kukan da ban yi ba ranar Laraba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata maka makwanci yadda ka yalwata wa tsohon faifai. Matarka, ƙanwata, da 'ya'yanka huɗu, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Na ware dashe ɗaya mafi kyau, da hannuna zan dasa shi a ƙofar gidanka.