Zuwa Belbeji Ganin Yadda Yisti Ke Tace Ruwan Jima

Muna idar da sallar asuba muka bar tashar Tanut, ni da abokan sana'ata biyu. Dalilin tafiyar shi ne, meri, wato hukumar gari, ta ce ko mu gyara ruwan dattin majemarmu, ko a rufe ta kafin damina. Tun da muka bar bagaruwa muka koma maganin jima na kanti, ruwan ke fita da gubar ƙarfe, yana gangarawa tabkin da dabbobi ke sha. Aka ce a Belbeji akwai wanda ya san maganin abin. Wannan mutum kuwa ƙanena ne, wanda ni na koya wa jima.

Da farko kwalta, daga baya yashi, har sai da muka sauka muka tura mota. A Gangara muka sha fura da nono. Cuku kuwa ya yi tsadar da sai dai kallo. Duk inda muka ambaci Belbeji sai a ce, wajen malamin ruwa za ku? Ƙanen nawa ake nufi. Ni na tsufa cikin jima, ba wanda ya taɓa ce mini malam.

Bayan azahar muka isa. Majemar tasa ba wari, har da rumfar baƙi. Raina bai so ba. Ya ce wata ma'aikaciyar ruwa ce ta nuna masa dabarar, ya ɗora da nasa gwajin.

A gidanmu babba ba ya tambayar ƙarami sana'a, don haka na goya hannu a baya kamar mai duba aiki, ina kallo. Na farko, a tara ruwan a kwami ya kwanta. Na biyu, a zuba yistin da ya lalace a gidajen burodi, a dama. Na uku, a bar shi, yistin ya kama ƙarfen ya nutse da shi. Na huɗu, a tace ta cikin yashi da gawayi. Na ce a raina, shi ke nan, na kwashe ba tare da na buɗe baki ba.

Can gefe na ga tarin laka mai ƙamshin ƙullu, kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Mu mutanen Damargu ba ma barin dusa ta lalace. Na sa ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya cika buhu don ragunan da nake kiwo. Sai matar ƙanena ta fito.

"Yaya, ina za a kai wannan?"

Na ce raguna.

"Ai gubar duka nan ta koma. Ko kaza ba ma bari ta kusance shi."

Ƙanena bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. A hankali ya ce ana shanya lakar a rufe ta a ramin siminti, ruwan ma ba na sha ba ne, jiƙa fata ake sake yi da shi. Na zauna a tabarma na ce ya faro mini daga farko. Ya ce, "To, Yaya," yana kallon ƙasa.

Washegari muka juyo da buhun yisti, muka shiga Tanut da la'asar. Mun fara haƙa ramin, meri ta ƙara mana lokaci. Abin da na koyo shi ne, kallo ba ya kai mutum ƙarshen aiki, sai da tambaya. Har yanzu ina jin zafin cewa shi ya riga ni. Amma gobe zan kira shi in ji zurfin ramin.