Haruffa Uku a Gidan Pak Haji

Har na koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da na karanta wasu haruffa uku. Shekarar 2014 ke nan, da jirgin saman Malesiya ya ɓace. Ina karatu a Kuala Lumpur, ina kuma taya wata ƙungiya auna tsofaffin gidajen katako na unguwar Kampung Baru. A ƙa'idarta, gidan da ya cika shekara ɗari ake nema wa kariya daga rusau.

Shugabarmu Madam Kiler ce, Bafaranshiya. Ta sha ba mu labarin gidan kakanta a wani ƙauyen Faransa, wanda shekarar da aka sassaƙa a dutsen ƙofarsa ta hana a taɓa shi. Don haka duk inda muka shiga, shekara take fara nema.

A gidan wani dattijo, Pak Haji Ramli, muka ga haruffan Larabci angai da shin da kaf a sassaƙe a saman ƙofa.

Ta ce, "Malam Sani, ka iya wannan?"

Na ce, "Ramzi ne, Madam. Kowane harafi da adadinsa. Da shi malamanmu ke rubuta shekara."

Na lissafa yadda aka koya mini a zaure: angai ɗari tara, shin dubu, kaf ashirin. Na rubuta 1920.

Pak Haji ya girgiza kai. "Ustaz, gidan nan ya girmi haka."

Na ce masa tsufa ne, ya manta.

Shekara shida gidan ya gaza. Aka cire shi daga jerin gidajen da za a kare, ba a jima ba aka rushe.

Daga baya wani limamin garin ya ga hoton ƙofar, ya nuna mini kuskurena. Ashe lissafin Gabas daban ne da na Magariba da muka gada. A wurin mutanen Gabas angai ne dubu, shin ɗari uku. Wato 1320 ta Hijira, daidai da 1902.

A aikin nan, mai gida ma shaida ne. Ban koyi haka ba sai da gida ya faɗi.

Na sami Pak Haji a unguwar Cheras, can saman bene a wurin 'yarsa. Na durƙusa na gaya masa komai. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ashe dai ban rikice ba?"

"Ba ka rikice ba, Pak Haji."

"To, shiga ka faɗa wa 'yata haka da bakinka. In ka fito, na yafe."