Malam Musaddiƙ Madu da Layuka Biyun da Ya Ƙara

Haihuwa da Karatu

A shekarar 1968, cikin damina, aka haifi Malam Musaddiƙ a Kanya Babba. Mahaifinsa Alhaji Madu falken hatsi ne, mahaifiyarsa kuma Ya Kura. Ya sauke Alƙur'ani a 1981, ya kammala sakandare a Kazaure a 1987, daga bisani ya nemi ilimin kwamfuta tun ana ganin abin kamar almara.

Aure da Aiki

Ya auri Malama Tasalla a Roni a 1995. Daga 2003 ya kama aikin haɗa kwamfutocin makarantu da ƙananan asibitoci da intanet, yana zagaya Roni da Gwiwa da Babura a kan babur. Yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba mutane haushi: in ana koyo a gabansa, sai ya goya hannu a baya, ba ya taɓa na'urar. Yakan ce, “Idan na taɓa, ni na iya, ba kai ba.”

Al'amarin Gwiwa

A watan Maris na 2019 sadarwar wani ƙaramin asibiti ta yanke kwana tara, bayanan rigakafi suka kasa tafiya. Laifin ya faɗa kan Zubaida, sabuwar ma'aikaciyar da ta gyara fayil ɗin saiti, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta adireshinta. Har an rubuta takardar sallamarta, saura sa hannu.

Da Malam ya iso, bai gyara komai ba. Ya buɗe mata littafin jagora, ya goya hannu, ya ce, “Ki sake yi, 'yata, yadda kika yi ranar.”

Ta fara rubutawa. A layi na uku ya ga ta tura rubutun ciki da maɓallin da ake kira tab, alhali fayil ɗin tazarar dogon maɓalli kaɗai yake karɓa, a ido kuma duk ɗaya suke. Ya faɗa mata kuskuren.

“Baba, a ina littafin ya hana?”

Ya duba shafin sau biyu. “Wallahi babu,” in ji shi.

Ya nuna wa shugaban asibitin haka, aka jingine takardar. Sannan ya rubuta wa 'yan sa-kai masu kula da littafin. Suka amsa cewa ai kowa ya san wannan. Bai yi fushi ba, ya sake rubutawa, har sau uku. A watan Agusta suka ƙara layuka biyu: a yi amfani da tazara, kada a yi amfani da tab, kowane mataki tazara biyu. Aka yaga takardar sallamar.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2022, ya koma noman gyaɗa cikin rufin asiri. Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba, 6 ga Nuwamba, 2024, aka yi jana'izarsa a Roni bayan azahar. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Shafi'i, Sadiyya, Hussain da Bahijja. Allah ya jiƙansa.

Layukan nan biyu suna nan, babu sunansa a jikinsu. Zubaida ma tana nan a bakin aikinta, kuma an ce in tana koya wa sababbi, hannunta a baya yake.