Katin Sati Ɗaya

Ku ɗan matso kusa, 'yan'uwa, yau akwai abin da nake so in sauke. Wanda ya san ni ya san magana ba ta kwana a cikina, amma wannan ta daɗe ina riƙe da ita.

Shekarun baya, mahaifiyata tana kwance a gidana nan Kontagora, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. Daga ƙauyenmu muka ɗauko ta, can gaba da Dukku ta wajen Rijau, saboda kusa da asibiti. Ba ta tashi, ba ta juyawa sai an juya ta. Baki kuwa lafiya lau, don a wurinta na gaji surutu.

Wa ɗaya gare ta a duniya, kawuna, maginin rumbu. Shekara uku ba su sa juna a ido ba. Ita ba ta iya zaman mota, shi kuma tsufa ya ɗaure shi. Wata shekara bayan girbi, wasu masu aikin talabijin suka je ƙauyen suka ɗauke shi yana ginin rumbu irin na da. Ba a yi wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Ko zaman makoki Inna ba ta je ba.

Sai ga waya daga gida, wai za a nuna shirin ranar Asabar ta sama, bayan la'asar. Inna ta ce, "Ashe zan ƙara ganin Yaya." Daga ranar ba ta da wata magana sai wannan.

Tashar sai da kati take kamawa a dikodarmu. Maigidana zai tafi Beri sarin masara, zai yi kwana goma. Kafin ya tafi, ranar Juma'a, ya mayar da talabijin ɗakin Inna, ya biya, ya ce mini, "Na sati ɗaya na saka. Juma'a mai zuwa ki aika shagon bakin kasuwa a sabunta. Ga lambar na rubuta a bayan kalanda."

Na ce, "To, Baban yara, Allah ya kiyaye hanya."

A raina kuwa dariya nake masa. Ni fa a unguwarmu an san ni da tattali. Mitar wutarmu mai kati, ni ke sa ta kai inda ta maƙwabta ba ta kaiwa: kashe wannan ƙwan, zare wancan soket. Sai na ɗauka duk kati kati ne, abin da ka sha shi ake cire maka. Na ce in dai ban kunna ba, me zai ƙare? Yana fita na zare wayar daga bango, na samo tsohon zane na lulluɓe talabijin da dikoda, kamar mai rufe ƙullu. Rimot na jefa cikin kwalla.

Kwana takwas ke nan. Yara suka yi magiya har suka gaji. Inna ma, da take kwance tana kallon silin tun safe, takan ce, "'Yar nan, kunna mana mu ga mutane mana."

In ce, "Inna, yi haƙuri, ajiya nake mana. Kada mu shanye shi kafin Asabar."

Ta ce, "To, ke kika san abin zamani."

Ni da ko firamare ban gama ba, wai ni na san abin zamani.

Ranar Asabar tun azahar ta sa na yi mata wanka. Ta ce in ɗauko kallabinta na Sallah, in sa mata kwalli, in shafa mata turare. Na ce, "Inna, shi fa ba zai gan ki ba."

Ta harare ni. "Yayana zai shigo ɗakina, in tarbe shi kamar mayya?"

Na jingina ta da filo biyu. Aka sallame la'asar, wuta kuma ga ta, alhamdu lillahi. Na yaye zanen ina wani jin kai, na jona, na kunna. Sai allo ya yi shuɗi, wani rubutun Turanci ya fito a tsakiya ya tsaya. Ban iya karanta shi ba, amma gabana ya karanta. Na danna nan, na danna can. Shiru.

Na kira maigidana a waya. Ya ce, "Ba ki sabunta ba?"

Na ce, "Ai ko sau ɗaya ban kunna ba!"

Ya yi salati. "Baiwar Allah, kwana suke ƙirgawa, ba kallo ba. Kin kunna, ba ki kunna ba, tafiya yake yi. Tun jiya ya ƙare."

Shirin rabin awa ne. Kafin a je bakin kasuwa a dawo, an gama. Na tsaya tsakar ɗaki, na kasa juyowa in dubi fuskar da na sa wa kwalli.

A cikin shirun nan kunnena ya tsinto wani abu ta 'yar tagar da ke saman gadon Inna. Gyaran murya ne, sau biyu a jere, na biyun ya fi tsawo. Duk duniya mutum ɗaya na sani da ke yin haka kafin ya yi magana. Daga gidan maƙwabciyata yake fitowa, wata tela 'yar Rijau, Kirista ce, muna ce mata Maman Biyu. Tagar falonta na duban tamu, ɗan lungu ne kawai a tsakani.

Na taka kujera na ƙwala mata kira. "Maman Biyu! Don girman Allah ƙure murya! Kawuna ne!"

Ta leƙo da almakashi a hannu. "Wannan tsohon mai laka har gwiwar hannu? Yanzu nake cewa wannan Hausar ta mutanenmu ce!"

Na gaya mata abin da na yi a taƙaice. Ta ƙure murya, ta so ta jawo talabijin ɗin bakin taga, waya ta ƙi kaiwa. Sai ta tsaya a tagar, ido ɗaya a allo, ta zama idon Inna.

"Mama, kina ji? Ya sa jar hula, ta karkace. Ga shi yana murza laka da ciyawa. Yanzu dariya yake, haƙori biyu suka rage masa."

Inna ta ce, "Uku ne. Duba da kyau, 'yata."

"Wallahi uku ne, Mama, ɗaya ya ɓuya a gefe!"

Can mai tambaya ya ce wa ya koya masa ginin. Kawu ya fara da Hausa, sai ta ƙwace masa, ya zarce da Dukanci, yarenmu na gida. Ya ce babansu ne, kuma ƙanwarsa ce ke ɗebo musu ruwan kwaɓi tana 'yar mitsitsiya, rabi a tulu rabi a jikinta. Sai na ji Inna ta amsa masa da Dukanci, ta tagar nan, kamar yana zaune a lungun. Wai ƙarya yake, shi ne ke tunkuɗe ta. Tana faɗa kwallin na gangarowa.

Da aka gama na durƙusa gaban gadon na ce, "Inna, ki yafe mini."

Sai ta ɗora hannunta mai lafiya a kaina ta ce, "Na ji shi, ai ya isa. Amma ke da tattalinki, 'yar nan, ba komai ne ke ajiyuwa ba."

Mun sabunta washegari. Na bar tashar a kunne wata da watanni ko za su maimaita, ba mu dace ba. Kafin damina ta zagayo Inna ta bi yayanta. Allah ya jiƙansu da rahama.

Yanzu na iya biya ta waya da kaina, yara har tsokanata suke yi idan na rufe abu da zane. Ina taya su dariya. Amma abin da ke cina ba rabin awar nan ba ne. Kwana takwas ɗin nan ne da ta roƙe ni in kunna mata ta ga mutane. Da duk ranakun da ta kira ni hira na ce, "Bari in gama wanke-wanke, Inna." Na ɗauka ita ma in na ajiye ta, zan dawo in tarar da ita yadda na bar ta.

Kai da kake jin wannan, wa kake ta ce wa "sai an jima" a gidanku, kana zaton kwanakinsa sun tsaya suna jiranka?